Audugar da ta kwashe mini majalisa

Shekara da shekaru majalisar bayan azahar a shagona take zama, nan unguwar Nombakélé. Ba wai shayina ya fi na kowa ba. Ni ne dai mai benci biyu da bakin da ba ya gajiya. Rufin kwano ne, ana gumi kamar masu toya masa, amma ana zuwa.

Sai wani mutumin Maraɗi, tsarana, ya kama ɗaki a bayan layinmu. Yana aiki a wani kamfani can wajen tashar jiragen ruwa, inda ake yanka audugar gilashi ana shimfiɗa ta a rufin manyan gine-gine don ta tare zafi. Ragowar da ake zubarwa ya kwaso ya sa a nasa rufin. Ɗaki ya yi sanyi kamar cikin randa.

Mutum biyu suka fara ɓace mini. Sai huɗu. Ranar da na ga ladanin masallacinmu ya wuce ƙofata yana duban ƙasa, na rufe shago na bi shi.

Na tarar da jama'ata a baje kan tabarma, mutumin yana ba su labari. Wai yashi ne da fasassun kwalabe ake narkawa har su koma ruwa, a zuba a wani kasko mai ƙananan huji da ke juyawa, zare ya riƙa fita siriri kamar gashin jariri.

Na ce, "Alhaji, ka taɓa gani da idonka?"

Ya ce, "A waya na gani, Malam."

"To ai ni ma ina da waya."

Ba wanda ya yi dariya. Ni da nake yin tari ma a ƙyalƙyale! Abin da ya fi ƙona ni, sai ya ce, "Lahadi ba na aiki, in zo in sa maka?"

Na ce, "A'a, ni da zafina mun saba."

Washegari na hau taksi a ɓoye, na ciko buhu biyu a jujin kamfaninsu. Ban tambayi kowa ba. Da na ɗaga kai a ɗakinsa, da na ga ya naɗe tasa ya kuma rufe ta da katako, amma ina, fuskokin mutanena nake ƙirgawa. Na cusa tawa tsirara a ƙarƙashin kwano, na ɗaure da igiya. Hannuwana suka yi ta ƙaiƙayi, na ce ƙurajen zafi ne.

Ranar Juma'a na gayyato kowa, har da tsire. Suka zo cikin shaddojinsu. Don sanyin ya sauko da wuri, na juya fanka ta kalli sama.

Ladan ne ya fara sosa wuya. Sai tela. Can kowa ya kama, ana tauna ana susa. Na ce kada su damu, ga ruwan zafi a buta, a wanke.

Daidai nan mutumin ya yi sallama. Ya dubi rufi, ya dubi fanka, ya dube ni.

"Subhanallahi! Malam, kashe fankar nan! Jama'a, kar ku sosa, gilashi kuke turawa cikin fata. Ruwan sanyi, ku biyo ni famfo!"

Suka bi shi a layi. Aka bar ni da tsire.

Lahadi ya zo da safar hannu da takunkumi, ya sauke, ya naɗe, ya mayar, ya rufe da katako. Ko kalmar gori bai yi mini ba, abin da har gobe ban yafe masa ba ke nan.

Shagona yanzu ya yi sanyi, wallahi ya fi nasa. Amma majalisa ba ta dawo ba. Ladan ya ce da ya hango bencina sai wuyansa ya motsa. Don haka bayan azahar nakan rufe shago in zagaya bayan layi, in zauna bakin ƙofar mutumin Maraɗin. Kullum sai na gaya masa sukari ya yi wa shayinsa yawa. Kofi uku nake sha.