Ɗan Japan na Gidanmu

A Maijirgi duk saurayin da ke buga ƙwallo sai ya ari sunan wani ɗan wasa, kuma rigar da ya samu a gwanjo ita ke zaɓa masa. Yayana ya isa kasuwar Tasawa a makare, an kwashe rigunan manyan 'yan wasa. Ya dawo da wata shuɗiya mai sunan wani ɗan Japan da ko mai gidan kallo bai taɓa ji ba. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai sunan babur ya sayo. Tun ranar ya zama Ɗan Japan.

Ina lise, babbar sakandare, a lokacin, sai ya sa ni in nemo masa mutumin a waya. Ɗan tsakiya ne, ba kasafai yake cin ƙwallo ba, miƙawa yake yi wani ya ci. Wata ƙaramar ƙungiya a Turai ta ɗauke shi. A ƙasarsa yara sun san fuskarsa, a garin da yake wasa kuwa zai shiga kasuwa ya fita ba wanda ya waiwaya.

Sai yaya ya tafi Aljeriya aikin gini. Ni da shi ba mu saba hira ba, tsakaninmu gaisuwa ce da aike. In ya kira, inna ta gama ta miƙo mini, mu gaida gida, mu gaida gajiya, sai shiru. Can ya ce, "To malama, ya mutumina?"

Nan kaɗai bakinmu ke buɗewa. Da na gaya masa mutumin ya daɗe a benci, ya ce haka ƙasar mutane take, ana ganinka ba a kallonka. Da na ce ya ji ciwo a gwiwa, ya ce sanyin can ba ya barin ciwo ya warke. Ban tambaye shi inda ya san haka ba.

Ɗan wasan ya koma ƙasarsa, ya buga a ƙaramin rukuni, sannan ya aje ƙwallo. Na kalli bankwanarsa a waya bayan la'asar a gindin itacen bedi. Fili ƙarami, rabin kujerun ba kowa, ya sunkuya wa kowace kusurwa. Na ji tsoro. In na faɗa wa yaya, me zai rage mana?

Ran Juma'a yaya ya kira, ya tambaya, na faɗa. Ina jin iskar can a kunnena.

"Ya koma gida ke nan."

"Ya koma, yaya."

Ya ce in ba inna wayar.

A kira na gaba muka gaisa, shirun ya zo inda ya saba zuwa, ya zauna. Har zan miƙa wayar sai na ji shi.

"Ke fa, ƙanwata, me kike karantawa yanzu?"

Bai taɓa tambayata ba, ban tanadi amsa ba. Ina cikin nema layin ya yanke. Na tsaya a tsakar gida da wayar a kunne, na faɗa masa duk da haka.