Hantsar Saniyar Inna

Shekarar da hantsar saniyar Inna ta kumbura, sai da Inna ta yi wata huɗu ba ta yi wa ƙanwarta magana ba. Laifin ƙanwar ɗaya ne: ta zo daga Gafasa ta tarar ana tatsa, ta ce, "Kai, wannan saniya akwai nono!" ba ta haɗa da tubarkalla ba. Ba a rufa sati ba nonon ya fara fita da gudaji. Inna ta kafe a kan kambun baka ne.

Da saniyar ta rame muka sayar wa wani mahauci a Gaya. Ni kuwa da shegen son bin ƙwaƙƙwafi, na bi shi har mayanka, ina so in ga abin da baki ke yi a cikin nama.

Malamin dabbobi mai duba nama ya sa aka cire hantsar ɗungurungum, aka ajiye ta nesa, don kada abin da ke ciki ya ɗiga a kan sauran naman. Mahaucin sai ƙunƙuni yake, wai masu balangu na jiranta. Malamin bai kula shi ba. Ya lallatsa ta, ya tsaga da wuƙa, sai ga mugunya. Ya ce a binne, sauran naman ya duba ya buga masa hatimi.

Na ce, "Malam, baki na yin wannan?"

Ya yi murmushi. "Ƙwayar cuta ce, ta kan nono take shiga. Galibi hannun mai tatsa ke ɗaukarta daga wata saniyar zuwa wata. Wa ke tatsarta?"

Nan take na tuna. A watan da abin ya faru, Inna kan shiga maƙwabta kullum da safe ta matse wa saniyarsu hantsa mai ciwo, don tausayi, sannan ta dawo ta tatsi tamu.

Kwana biyu ina juya maganar kafin na faɗa mata, don na san halin tsohuwata. Na zaci faɗa zan sha. Sai ta buɗe tafukanta ta zuba musu ido, har na ji tausayinta ya kama ni. Can ta ce in kira mata ƙanwarta a waya.

Da aka ɗaga, na miƙa wa Inna wayar, ta kara ta a kunne. Muryar ƙanwar kawai nake ji tana ta maimaitawa, "Yaya? Yaya, ke ce?"