Igiyar Malam

A shagon yayana a Kantin Kwari na koyi wasan labari. Idan kasuwa ta yi sanyi, sai in ɗare kan dilar atamfa in buɗe waya. Muna da wani zaure a WhatsApp, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, in layi ya zo kanka ka rubuta abin da naka ya yi. Dokar ɗaya ce: ba ka taɓa jarumin wani, ko yatsansa ba ka motsawa.

Ni kuwa kaina ba ya ja. Jarumata daga kwalliya sai ziyara, har ni kaina take gundura. Wani malamin firamare da ke haya a Sabon Gari ne ya gyara ni, ko fuskarsa ban taɓa gani ba.

"Hajiya," ya rubuto, ni da ko Zariya ban wuce ba, "jarumarki ta cika jin daɗi. Ki hana ta abin da take so, labari zai zo da ƙafarsa."

Na ɗauki shawara, har na zarce: na jefa ta tsohuwar rijiya. Ya kawo nasa jarumin bakin rijiyar, ya zura igiya. Daga nan ɗif.

Muka ce dabara ce ta ƙare masa. Muka yi masa ca, ni ce a gaba.

"Malam, ja igiyar mana! Ko ka tsinka ta. Kai mai koya wa mutane, yau ka kafe?"

Ranar Juma'a amsa ta shigo daga lambarsa.

"Assalamu alaikum. Matarsa ce. Allah ya yi masa rasuwa tun Litinin. Na ga kuna ta maganar igiya. In alkawari ya ɗauka bai cika ba, don Allah ku yafe masa."

Wata mata tana taya leshi a gabana, ni kuwa idona na kan waya. Yayana ne ya sallame ta.

Bayan an yi addu'o'i, shugabar zauren ta ce ta ɗage mini doka, in sa jaruminsa ya ja igiyar, labari ya ci gaba. Na gwada, wallahi na gwada. Duk abin da na sa a bakinsa ba muryarsa ba ce, sai in goge. Baƙin cikin har yau bai sake ni ba, kuma ban ƙara ƙirƙirar kowa ba.

Matar Malam kawai na iya ba amsa. Na rubuta mata: "Mun yafe."