Makon da Inna ta ƙi amsa gaisuwata

Na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana?" Mahaifiyata ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba.

A Abakpa ne, shekarun 1970. Ina masinja, in na ci jarrabawar magana da Turanci zan zama akawu. Ashe maƙwabciyarmu Malama Saratu ce ta hana kowa amsa mini Hausa don in saba da Turanci.

Dole na gaishe da Inna da Turanci, har da labarin kasuwa.

Inna da ba ta san ko bihim ba ta saurara tsaf, ta ce, "Ban ji komai ba, amma yau muryarka ba ta rawa. Ƙara."

Na ci jarrabawar. Nakan bugi ƙirji cewa ni na gina kaina, amma in na tuna Inna sai jikina ya yi sanyi. Ku wa ya tsaya muku haka?