Motar Litinin

Ni na sa wa motar nan ranar Litinin. Har gobe ba ni da wanda zan ɗora wa laifin.

Lokacin ƙasarmu ba ta sauya suna ba tukuna, ina aiki a wani ofishi mai tsara zirga-zirgar motocin ƙauye. A Zangon Wagadugu inda aka haife ni, ɗan mai goro ya zauna bayan tebur ba ƙaramin abu ba ne. Har takuna sai da ya sauya.

Aka ba mu babbar mota guda ta gwaji, za ta riƙa zuwa wani ƙauyen ƙabilar Mosawa sau ɗaya a mako. Shugaban ofis ya ce in tana cika a bar musu ita, in ba ta cika, bayan wata uku a kai ta wani wuri. A ƙauyen nan gwaggona take aure, ƙanwar Baba, tana noman tumatir a bakin madatsar ruwa. Rabin abin da ta noma a kwando yake ruɓewa, don ba abin da zai kai shi birni sai amalanken jaki. Na yi murna ƙwarai, na ce a raina ga ranar da bokona zai yi mata rana.

Na dubi kalanda na zaɓi Litinin, tunda ita ce farkon makon aiki. Direban, wani dattijo ɗan unguwarmu, ya leƙo ofis yana murza hularsa. Shef yake ce mini, wato maigida da Faransanci.

"Shef," in ji shi, "kasuwarsu fa ba ta san Litinin ba. Duk kwana uku take ci."

Na ce masa, "Tsari tsari ne, Malam. Su za su bi mota, ba mota za ta bi su ba."

Ya ce to, ya fita. Baba kuwa ya yi shekaru yana zaga kasuwannin nan da huhun goro kafin a haife ni, kullum kuma tare muke cin tuwo. Ko sau ɗaya ban tambaye shi ba.

Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidajen ƙauyen a warwatse suke cikin gonaki, mutane ba sa haɗuwa sai ran kasuwa, kasuwar kuma ba ta faɗowa Litinin sai sau ɗaya a mako uku. A irin wannan ranar mota takan cika har a bar wasu a ƙasa. Sauran Litinin biyun ta dawo da tsohuwa ɗaya da akuya. Tun wata na farko na gane kuskurena, amma takarda ta riga ta sha hatimi, sunana yana ƙasa, kunya ta hana ni komawa wurin shugaba. Da wa'adi ya cika, da hannuna na rubuta cewa fasinja ba su isa ba. Aka ɗauke motar.

Bayan Sallah gwaggo ta zo suna gidanmu a amalanke, kwana biyu a hanya. Tsarabarta busasshen tumatir ne, wanda ta yanka ta shanya don kada ya tashi a banza. Muna zaune a tsakar gida, Baba yana kan tabarma yana tsince goro, ta juyo gare ni.

"Ɗana, kai da kake biro, ofishin motocin nan, ka nemo mini wanda ya sa motar nan ranar Litinin. Ba faɗa zan yi masa ba, wallahi. So nake kawai in tambaye shi, babu babba ne a gidansu?"

Baba bai ko ɗaga kai daga goronsa ba.

"Akwai," in ji shi. "Ba a tambaye shi ba ne."