Benen da Doña Fermina ta ƙi hawa

Ni ne magatakardan ofishin garinmu. Teburina yana kallon ƙofar ɗakin ƙasa, inda likitar gashin ƙashi take zuwa daga birnin Xela duk Talata don yara masu naƙasa. Ta nan na san Doña Fermina Tzoc, mai sayar da kunun masara a bakin kasuwa.

Ɗanta Edvin ya zo duniya bai yi kuka ba, ƙafafunsa kuma suka sandare. Uban ya tafi arewa neman aiki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ita ta goya yaron a zanenta na saƙi har dugadugansa suka fara dukan ƙwaurinta. Ita ce kuma ta bi gida-gida tana fito da yaran da iyaye suka ɓoye don kunya, har ɗakin ya cika. A cikinsa Edvin ya koyi tsayawa yana riƙe da ƙarfe.

Bara, kwamitin bikin waliyyin gari ya rasa inda zai ajiye katafaren gadon katakon da ake ɗora mutum-mutumin waliyyi a kai. Sai aka ce a ajiye shi a ɗakin ƙasa, yara su koma saman bene. Ni na rubuta bayanin zaman, kuma ina shaida cewa babu wanda ya tambayi yadda gurgu zai hau matakala.

Ranar Talata Doña Fermina ta tarar da Don Casimiro, shugaban kwamitin, yana kulle ɗakin.

"Don Casimiro, katakon naku ciwon ƙafa yake yi ne?"

"Haba uwar Edvin, kayan waliyyi ne. Sama ma ta fi iska."

"To ka kai tumbinka ya sha iskar mana!"

Ya yi dariya ya wuce. Ta hau da yaron a baya, tana tsayawa tana haki. Mako mai zuwa yara biyu kaɗai suka zo. Likitar ta ce in aka ci gaba haka, za a mayar da ita wani gari.

Ranar biki mutane suka ƙawata titi da garin katako mai launi, wanda ba a takawa sai masu ɗauke da waliyyi sun wuce. Maza sanye da riguna masu ruwan goro suka taho, gadon a kafaɗunsu. Doña Fermina ta kwance goyonta ta zaunar da Edvin a tsakiyar adon. Masu busa suka yi shiru.

"Ke, kin haukace? Ɗauke shi!" in ji Don Casimiro.

"Na gaji, Baba. Ga ku nan ƙarti cike da titi, kuna rububin ɗaukar katako. Ashe kuna da kafaɗu! Ku ɗaukar mini wannan duk Talata, shi ma ɗan Allah ne, kuma bai kai gadon nauyi ba."

Wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Ka amsa mata mana, Casimiro!"

Gadon yana danne su, jama'a na kallo. Don Casimiro ya yi alkawari a gaban waliyyi cewa za su riƙa zuwa duk Talata.

Sun zo kuwa. Ta tara duk yaran nan masu naƙasa, har da manyan, ta tsaya a gindin matakala tana ba da umarni: "A hankali, ba buhun wake ba ne!" Na ga mai kantin magani yana zufa, na ga Don Casimiro yana dafe ƙugu. Kafin wata ya ƙare, sai ga shi an samo wa gadon wuri a rumbun ƙanen Don Casimiro, rumbun da tun farko yake a wofi.

An ce in rubuta cewa kwamiti ya mayar da ɗakin saboda tausayin yara. Na rubuta cewa ya mayar, na tsaya a nan. Edvin yana ɗakin ƙasa yanzu, yana jan ƙafa tsakanin ƙarafa, uwarsa kuma na waje tana zuba wa Don Casimiro kunu ba tare da ta kalle shi ba.