Kujerar Gaba da Baba Ya Saya wa Kaka

Ina aji ɗaya a sakandare Baba ya sayar da gonar shinkafarmu ta fadamar Kalgo. Malamin firamare ne a Gwandu, gonar nan kuma ita kaɗai ya gada daga mahaifinsa. Ya sayar da ita ne don ya kai mahaifiyarsa Umra, kuma ba a kowace irin kujera ba.

Gwiwar Kaka ta dama ba ta lanƙwasuwa tun wata faɗuwa da ta yi a bakin rijiya. Kullum ƙafar a miƙe take, ko salla a zaune take yi. Da aka gaya wa Baba cewa kujerun bayan jirgi a matse suke, na gaba kuwa mutum yana iya miƙe ƙafa har ya kishingiɗa, sai ya ce ta gaba zai saya. Ƙanenta, wani dattijo masunci a Kalgo, shi zai raka ta, a kujerar baya.

Baba ɗan fari ne, don haka Kaka tana kunyarsa. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya shigo gaisuwa, ni take duba ta ce, "Gaya ma ubanki ya tashi, tabarmar da sanyi." Ranar da ya kawo tikitin daga Kano ya ajiye a gabanta, ni ta harara.

"Ke 'yar boko, tambayi ubanki, mi za ku ci baɗi?"

Baba ya yi dariya, ya ce, "Inna, ki dai yi mana addu'a."

Bayan mako uku suka dawo. Gida ya cika, ana rabon dabino da ruwan Zamzam a ƙananan kofuna. Ni kuwa ƙafarta nake kallo. Ta kumbura har takalmin ya yi mata shaida, kuma akwai wani baƙin tabo a ƙaurinta wanda babu shi da za ta tafi.

Baba ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, yaya kujerar?"

Ta juyo gare ni. "Gaya ma ubanki, kujera kamar gado. Faɗi gare ta, da ɗan farin ƙyalle wurin kai. Har wurin aje ƙafa."

Ban manta fuskar Baba ba. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar, ya fita yana gaya wa maƙwabta.

Kwana biyu bayan haka ta sa ni in kwashe mata jaka. A can ƙasa na sami tikitin, ta naɗe allurai a cikinsa. Akwai ɗan katin shiga jirgi. An buga lambar kujera, biyu, sai aka soke ta da biro, aka rubuta talatin da takwas. Katin dawowa ma haka. An maƙala wata ƙaramar takarda ta Turanci. Na karanta a hankali, da yatsa, har sau uku. Cewa take yi duk fasinjan da aka mayar kujerar da ba ta kai wadda ya saya ba, haƙƙinsa ne a mayar masa da bambancin kuɗin, in ya kai tikitin ofishin kamfanin jirgin na Kano kafin wa'adin da aka rubuta a ƙasa.

Ni ba mai magana ba ce. Na daɗe ina juya takardar kafin na ce, "Kaka, a baya kika zauna."

Ta daina jan carbi. "Rufe ƙofa, mai idon mage."

Sai ta ba ni labari. A filin jirgi wani ma'aikaci ya ce an canza jirgi, kujerun gaba sun yi kaɗan. Ya dubi ita, tsohuwa mai lulluɓi, ya dubi sauran masu manyan riguna, ya ɗauki biro. Ƙanenta ya fara ɗaga murya, ta ja masa riga.

"Mai zuwa ɗakin Allah ba ya jayayya bisa hanya," in ji ta. "Na ce ma ma'aikacin, to."

Ta gaba ake shiga jirgin, don haka ta ga kujerar da idonta. Wani ne a kai, yana cire takalmi. Duk abin da ta faɗa wa Baba, abin da ta gani ne a wucewa. A baya kuwa ƙafar ba ta shiga ba, sai ta miƙe ta a hanya, keken abinci yana bugunta in zai wuce, yana bugunta in zai dawo. Ɗawafi ma a kan makara irin ta marasa lafiya aka ɗauke ta. A dawowa suka sake yi mata haka, ba ta ma tambaya ba.

"Amma Kaka, takardar ta ce za su biya. In Baba ya je Kano..."

"In ya je Kano, mi zai ce musu? Sai ya sani ke nan." Ta kama wuyan hannuna, tafinta da zafi. "Ɗiyata, kuɗin nan za su maido gonar?"

"A'a."

"To ki bar mai kujerarsa."

Sannan ta yi abin da ban taɓa ji ba. Ta ce, a hankali, tana duban bango, "Yaron kirki ne." Iyakar yabon da na ji ta yi masa ke nan, kuma ba ya wurin.

Na ɓoye tikitin a littafin lissafina. Kullum na buɗe sai na ga ranar wa'adin tana matsowa. Shekarar nan muka fara awon shinkafa a kasuwa, Baba yana gyaran kekensa da kansa. Sau biyu na tsaya a ƙofar ɗakinsa da littafin a hannu. Ya ce, "Lissafi ne ya gagare ki?" Na ce e. Ya zauna ya koya mini abin da na riga na iya.

Wa'adin ya wuce ranar wata Laraba. Kaka ba ta sake takawa da ƙafar ba, kuma kafin damina ta ƙare ta rasu.

Bayan addu'ar bakwai na raka Baba Kalgo, gaida ƙanen Kaka. Muka bi ta gefen tsohuwar gonarmu, shinkafar wani ta yi kore shar a ciki. Baba ya tsayar da keke ya daɗe yana kallo.

"Ban yi nadama ba," ya ce. "Duk wahalar da ta sha a kanmu, sau ɗaya dai ta miƙe ƙafarta ta huta."

Littafin yana cikin jakata, a bayana. Na ce, "E, Baba."